Hular gyaran ƙeyar jariri: me iyaye ke gani, kuma yaushe ta dace?

Tambaya: Ɗana yana da wata huɗu da rabi. Ƙeyarsa ta baje a ɓangaren dama, kuma kullum dama yake juya fuska idan ya kwanta. A Ingila muke zaune. Likitan unguwa ya ce mu ƙyale shi, zai daidaita da kansa, amma wani asibitin kuɗi ya ce a yi masa hular gyaran kai tun lokaci bai ƙure ba. Surukata a gida ta ce a riƙa danna kan da tsumma mai ɗumi bayan wanka. Ga shi muna shirin zuwa Kano a watan Afrilu. Iyayen da suka sa wa 'ya'yansu hular nan me suka gani? Tana aiki kuwa?

Amsa: Maman yaro, sannu da ɗawainiya, Allah ya raya mana shi. Ki fara kwantar da hankalinki a kan abu guda: bajewar ƙeyar da kwanciya ta jawo ba ta matse ƙwaƙwalwa, ba ta hana ta girma, kuma ba sakacinki ba ne. Sai dai a cikin wasiƙarki akwai wata magana da ta fi zancen hular muhimmanci, wato cewa kullum dama yake juya fuska. Ruwa ba ya tsami banza. Kafin a kashe ko fam ɗaya a kan hula, wuyan yaron nan ya kamata a duba.

Ƙoƙon kan jariri ba ƙashi ɗaya ba ne. Faya-fayai ne masu laushi da ke haɗe da juna ta wasu mahaɗai da ba su ƙame ba, shi ya sa kike jin maɗiga tana motsi a tsakar kansa. Ƙwaƙwalwa ce ke tura faya-fayan nan waje yayin da take girma. Kewayen kai yakan kai kusan santimita 35 lokacin haihuwa, ya ƙaru da kamar santimita 2 kowane wata a watanni 3 na farko, sannan santimita 1 a wata har zuwa wata 6, daga nan kuma rabin santimita a wata har shekara. Idan wuri ɗaya ne ke taɓa katifa dare da rana, girman sai ya kauce wa wurin ya fita ta inda babu abin da ya tare shi. Duk wanda ya taɓa ɗaga duma a gona ya ga gefen da ya kwanta a ƙasa ya shafe, to ya ga abin da ke faruwa.

Abin ya yawaita ne a ƙasashen Turawa bayan 1992, lokacin da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a daina kwantar da jarirai rub da ciki, aka kuma ƙaddamar da gangamin kwantar da su rigingine a 1994. Mutuwar fuju'ar da ke ɗauke jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi a Amurka, amma bajewar ƙeya ta ƙaru. Saboda haka ko da wasa kada ki kwantar da shi rub da ciki ko a gefe lokacin barci don gyaran kai. Rai ya fi siffar kai. A wani bincike da aka buga a 2013 kan jarirai 440 a birnin Kalgari na Kanada, masu mako 7 zuwa 12, kusan kashi 47 cikin 100 suna da bajewar, akasarinsu kaɗan ce. Wani kuma da aka yi a Niyu Zilan, wanda ya bi yara 200, ya ga kusan kashi 20 cikin 100 suna da ita a wata 4, amma da suka cika shekara 2 kashi 3 da ɗoriya kawai suka rage. Maganar likitan unguwarku a nan ta samo tushe.

Yanzu ga abin da za ki yi da idonki. Bayan wanka, gashi na jiƙe ya kwanta, ki sa babansa ya zaunar da shi a cinya, ke kuma ki tsaya a bayansa ki leƙo kan daga sama. Ki sa ɗan yatsa a bakin kowane kunne don ki ga matsayinsu. Idan kwanciya ce ta jawo, za ki ga ƙeyar dama ta shige, kunnen dama ya matso gaba ya wuce na hagu, goshin dama ya ɗan fito, wani lokaci har kuncin dama ya fi cika. Kan yakan yi kama da kwalin ashana da aka tura kusurwa ɗaya ya karkace. Amma idan kika ga kunnen ɓangaren da ya baje ya ja baya ko ya yi ƙasa, ko ƙashin bayan kunnen ya kumbura, ko kika shafa kika ji wani tudu mai tauri ya miƙe kamar igiya a kan mahaɗar ƙashi, to wannan wani ciwo ne daban: mahaɗar ce ta ƙame kafin lokacinta. Idan aka haɗa duk nau'o'insa, yana samun kamar jariri 1 cikin 2,000 zuwa 2,500, kuma hula ita kaɗai ba ta gyara shi, aikin likitan tiyatar kai ne. Haka nan idan maɗiga ta rufe da wuri ko ta kumbura, ko awon kewayen kansa a jan littafin rigakafi yana tsallake layuka zuwa sama ko ƙasa, ko yana yawan amai da kasala, a koma wurin likita ba tare da jira ba. Yawancin lokaci ƙwararren likita da hannu da ido yake rabe biyun, ba sai an ɗauki hoton ƙashi ba.

Mu dawo kan wuya. Akwai tsoka mai kauri da ta taso daga bayan kunne ta sauka kan ƙashin wuya da na ƙirji. Idan ta ɓangare ɗaya ta gajarce ko ta ɗaure, sau da yawa tun daga matsin cikin mahaifa, sai ta karkato kai zuwa kafaɗar ɓangarenta, ta kuma juya haɓa zuwa ɗaya ɓangaren. Yaron da ke kallon dama kullum, galibi tsokar hagu ce ta ɗaure. Ki gwada: yana kwance rigingine, ki ɗauki abin wasa mai ƙara ki zagaya da shi daga dama zuwa hagu a hankali. A wata huɗu ya kamata haɓarsa ta kai kusan saitin kafaɗa a kowane ɓangare. Idan a hagu ya tsaya a rabin hanya, ko ya ɗago kafaɗar dama ya juyo da jiki gaba ɗaya don ya kai ga kallon, wuyan ne. Wasu yaran har ɗan kulluɓutu kamar ƙwallon dabino ake ji a cikin tsokar a makonnin farko, kuma yakan narke da kansa. Ki nemi likitan unguwa ko ma'aikaciyar lafiyar da ke zuwa gida su tura ku wurin likitan gashin ƙashi na yara. Shi zai nuna miki miƙar wuya da hannunsa a jikin yaron, sau nawa a rana da iya inda za ki tsaya. Ba na so ki koyi wannan daga bidiyo, domin miƙar da aka yi ta ɓangaren da ba shi ba ƙara ɓata abin take yi. Yaron da aka sa wa hula ba a warware masa wuya ba, ana cire hular ya koma kwanciyarsa ta dā.

A gida kuma dabarar ɗaya ce: duk abin da ke jan hankalinsa ya koma hagunsa. Ki juya gadonsa yadda ke, da ƙofa, da hasken taga za ku kasance a hagu. Idan ya yi barci ki juya masa kai a hankali zuwa hagu, ba tare da tokare shi da komai ba. Idan da kwalba yake shan madara, ki lura yawancin iyaye mata a hannun hagu suke rungumar yaro, shi kuma ya juyo dama don ya kalli uwa, ƙeyar dama ta ƙara dannuwa. Ki koma riƙe shi a hannun dama. Kujerar mota ta zama ta tafiya kawai, ba wurin wuni ba, haka ma kujerar lilo. Sannan kwanciya rub da ciki yana farke kina kallonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce aƙalla minti 30 a rana, a rarraba. A shekarunsa ana iya wuce haka sosai, minti 5 zuwa 10 bayan kowane canjin ƙunzugu. Idan yana kuka, ki kwanta rigingine ki ɗora shi a ƙirjinki, ko ki naɗe ƙaramin tawul ki sa a ƙarƙashin hammatarsa.

Kuma kina da abin da yawancin maƙwabtanki a can ba su da shi: goyo. Yaron da ke baya babu abin da ke danna ƙeyarsa, ga shi yana ɗaga kai yana ƙarfafa wuya. Ki tabbatar kawai idan ya kwantar da kai fuskarsa hagu take kallo, kuncin dama a jikin bayanki, kuma zani ko hijabi bai rufe masa hanci da baki ba.

Shawarar Hajiya surukarki daga ƙauna ta fito, amma ki lallashe ta a bar dannawar. Matsar minti biyu ba ta sauya ƙashin da sa'o'i goma sha wani abu na kwanciya suka siffanta, kuma tsumma mai zafi na iya ƙona fatar kai. Haka matashin kai mai rami a tsakiya da ake talla a intanet. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a Nuwamban 2022, cewa babu shaidar yana gyara kai, kuma yana iya toshe numfashin jariri.

Kafin ki saurari kowa a kan hula, ki nemi lamba. Ana auna kai ne a karkace sau biyu: daga goshin dama zuwa ƙeyar hagu, da daga goshin hagu zuwa ƙeyar dama. A ce ɗaya ya ba da milimita 141, ɗaya 131. Bambancin milimita 10 ne, idan aka raba da 141 ya zama kusan kashi 7 cikin 100. A ma'aunin da asibitoci da yawa ke bi, ƙasa da kashi 3.5 lafiya lau ne, zuwa 6.25 kaɗan ne, zuwa 8.75 matsakaici, sama da haka mai tsanani. Masu lissafi da milimita kuma sukan ɗauki abin da ya wuce 12 a matsayin mai tsanani. Idan ƙeyar duka ce ta baje kai ya yi faɗi, ana raba faɗi da tsawo ne, abin da ya haura kashi 90 shi ake sa wa ido. Kalmar "mai tsanani" daga bakin mai sayar da hula ba ta wadatar ba, a rubuta miki lambar a takarda.

Ita hular, wani likita mai suna Sterling Clarren ne ya fara bayyana amfani da ita a birnin Siyatil na Amurka a 1979. Ta yi kama da hular kwano, sai dai yawanci samanta a buɗe yake. Wajenta roba ce mai tauri, cikinta soso, da maɗauri mai mannewa a gefe ɗaya, nauyinta bai cika kaiwa rubu'in kilo ba. Mutane da yawa suna zaton matse kai take yi. A'a. Tana zama daidai a kan wuraren da suka fito, wato goshin dama da ƙeyar hagu a irin na ɗanki, ta bar fili a saitin inda ya baje. Duk girman da kai zai yi sai ya nufi filin, kuma ko ya kwanta a dama, hular ce ke taɓa katifa. Tun da girman yaron ne ke yin aikin, lokaci ne ke mulki. Wata 4 zuwa 6 shi ne lokacin da aka fi samun sauyi da sauri, a wata 8 ko 9 ana samu amma a hankali, bayan shekara kuwa kaɗan ne ƙwarai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiyar masu asibitin kuɗin ke nan. Idan bakwaini ne, daga ranar da ya kamata a haife shi ake lissafi.

Ana ɗaukar siffar kan da na'urar haske cikin 'yan daƙiƙoƙi, bayan an sa masa wata siririyar hular safa don gashi ya kwanta. Dā da filasta ake yi. Ya kamata hular ta iso cikin mako 2, domin idan aka wuce haka kan ya riga ya canza. Ba a farawa da wuni guda. Tsarin da aka saba: ranar farko awa 1 a kai awa 1 a cire, rana ta biyu awa 2, ta uku awa 4 har da barcin rana, ta huɗu awa 8 har da na dare, daga ta biyar awa 23 a kowace rana. Awa ɗayan da ta rage ta wanka ce da tsabtace hula. Haka za a yi wata 3 zuwa 6, ana komawa kowane mako 1 zuwa 3 mai haɗa hular ya kankare soson inda kai ya cika.

To me iyaye ke gani? Amsa mafi tsabta ta fito ne daga wani gwaji da aka yi a Holan, aka buga a mujallar likitocin Birtaniya a 2014. An raba jarirai 84 masu wata 5 zuwa 6 gida biyu, 42 aka sa musu hula, 42 aka bar su. Duk iyayen masu hula da aka tambaya sun ambaci aƙalla matsala ɗaya. Kashi 96 cikin 100 sun ce fata ta yi ja ko ta yi ƙuraje, 77 sun ce hular na hana su rungumar yaro yadda suke so, 76 sun koka da wari, 73 da rashin zaman hular daidai, 71 da gumi, 33 kuma sun ce tana sa yaron ciwo.

Gumi shi ne abin makon farko. Za ki cire hular ki tarar gashi sharkaf, har ruwa na gangarowa ta bayan kunne. Jiki yakan saba cikin mako ɗaya ko biyu. Ki rage masa tufa ɗaya daga abin da ya saba sawa, musamman da dare, ki kuma riƙa cirewa na minti biyu kina goge kan da hular a kwanakin farko. Idan zazzaɓi ya kai digiri 38, a cire har sai ya sauka, domin ta kai jariri ke fitar da zafi mai yawa. Idan rashin lafiya ta sa ya kwana biyu babu ita, ki kira asibitin kafin ki mayar, wataƙila ta matse.

Wari daga gumin da soso ya sha yake zuwa. Kullum a awar hutu ki goge cikin hular da sifirit mai ƙarfin kashi 70, da tsumman auduga ko buroshin haƙori mai laushi, ki bar ta ta bushe ƙayau. Ki wanke kansa da sabulun jarirai, ki ɗauraye sosai, ki busar. Yawancin ƙurajen da ake gani daga mayar da jiƙaƙƙiyar hula kan jiƙaƙƙen kai suke tasowa. Kada ki sa mata turare ko ruwan wanke tufafi mai ƙarfi, kada ki busar da ita da na'urar busar da gashi, kada ki bar ta cikin mota a rana, zafi na lanƙwasa robar. Soson zai yi rawaya-rawaya da daɗewa, wannan ba komai.

Akwai abin da takardun asibiti ba su cika yi wa irinmu bayani ba. Sukan ce a duba jan tabo bayan an cire hula, idan ya ɓace cikin awa ɗaya ba laifi, idan ya zauna a kira su. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Ki duba a wurin haske, ki nemi inda fata ta fi duhu, ko take sheƙi, ko ta ɗan kumbura, ko ta fi sauran ɗumi idan kin taɓa da bayan yatsa. Wuraren da abin ya fi faruwa su ne goshi, gaban kunne wajen kunci, saman kunne, da ƙasan ƙeya. Idan fata ta saɓule, a ajiye hular har ta warke, a kuma kai a gyara. Inda ya warke yakan bar duhu ko fari na wasu watanni kafin launin ya dawo. Man kaɗanya, man zaitun, basilin da hoda, duk a ɗaga musu ƙafa a kan da ke cikin hula, domin suna toshe fata su jiƙa soso. Gashi kuma: idan za a yi masa aski, a yi kafin a ɗauki siffar kan, a ci gaba da riƙe shi a tsawo ɗaya, saboda cikar gashinmu na canza yadda hular ke zama. 'Ya mace ba kitso ba ƙulli a ƙarƙashinta. Gashi yakan sosu a wuraren da take taɓawa, yana kuma dawowa.

A makonnin farko hular kan juya ko ta zamo kan gira, domin an yi ta ne da siffar da ake so kan ya koma, ba wadda yake da ita ba. Ɗan motsi ba laifi. Amma idan tana rufe ido, ko tana naɗe kunne, ko ta juya har filin ya bar saitin inda ya baje, ba ta aikin komai sai cutarwa. Kada ki cusa tsumma ko ki kankare da kanki. Kuma kada ki sayi ta hannu ko ta intanet, kowace hula kan mutum ɗaya aka yi wa.

Abin da ke ba iyaye mamaki shi ne yaron ya fi su saurin sabawa. Mafi yawa cikin kwana biyu ko uku sun manta da ita, suna birgima da barci kamar dā. Uwa ce abin ke ci: ba ta jin ƙamshin kan ɗanta, ba ta sumbatar goshinsa, robar na danne mata hannu wajen shayarwa, ga kallon mutane a kasuwa da masallaci, ga masu tambaya ko faɗuwa ya yi. Ƙaramin tawul a kan hannu na maganin dannewar. Sauran kuwa shi ke sa wasu su fara cirewa don biki, don hoto, don baƙi, har awa 23 ta koma 12, kuma a nan ne kuɗin ke tafiya a banza. Masu riƙe ƙa'idar sukan ga ƙeya ta fara cikowa cikin wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ki sani kuma ƙeya ta fi saurin gyaruwa. Kunnen da ya matso gaba sau da yawa ba ya komawa daidai.

Tana aiki kuwa? A gwajin Holan, da yaran suka cika shekara 2, babu wani bambancin a zo a gani tsakanin gida biyun. A cikin waɗanda aka auna a ƙarshe, kai ya daidaita sarai a yara 10 cikin 39 masu hula, da 9 cikin 40 marasa hula. Wannan na cikin dalilan da suka sa hukumar lafiya ta gwamnatin Birtaniya ba ta cika biyan kuɗin hular ba. Masu goyon bayan hular suna da martani mai ƙarfi: gwajin bai haɗa da yara masu bajewa mafi tsanani ba, ko masu ɗaurewar tsokar wuya, ko bakwaini, kuma idan kusan kashi uku cikin huɗu na hulunan ba su zauna daidai ba, ba a gwada hula mai kyau ba ke nan. A 2016 ƙungiyar likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa ta Amurka ta duba binciken da ake da shi, ta ba da shawarar a fara da sauya kwanciya da gashin ƙashi, a koma ga hula idan bajewar matsakaiciya ce ko mai tsanani kuma ta ƙi gyaruwa, ko an kawo yaron a makare. Ni a nan na tsaya. Ana kuma ganin wasu masu bajewar ƙeya suna ɗan jinkirin zama ko rarrafe, amma masana sun fi ganin ƙarancin motsin ne ya jawo bajewar, kuma hula ba ta ƙara wa yaro basira ko saurin tafiya. Duk wanda ya tsorata ki da lalacewar ƙwaƙwalwa don ki biya, ki nemi ra'ayin wani.

Kuɗinta a Ingila fam 2,000 ne ko sama da haka. Ki tambaya ko kuɗin ya haɗa da duk zuwa gyara, ko za a sake biya idan ya girme ta ana buƙatar ta biyu, da kuma ko mai haɗa ta yana da rajista da hukumar da ke kula da ma'aikatan lafiya.

Tafiyarku Kano ma ta shiga lissafi. A Afrilu zafi na haura digiri 40, ga ɗaukewar wuta. Jaririn da ya saba da sanyin Ingila, a sa masa roba da soso a kai awa 23 cikin wannan yanayi, ƙurajen zafi kaɗai za su tilasta cirewa, ban da haɗarin zafin jiki. Ga kuma gyaran kowane mako biyu da zai tsaya. Idan tafiyar mako biyu ce, a gyara hular daf da tashi, a sa ta a ɗaki mai sanyi da dare, a cire duk lokacin da ya jiƙe da gumi ko za a fita rana. Idan ta wata ɗaya ce ko fiye, gara a ɗaga tafiyar ko a daidaita lokacin farawa tare da asibitin. Gashin wuya kuwa ba zai tsaya ba, akwai sashen gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala.

Ga yadda zan tsara miki. A wannan makon a auna kan a rubuta lambar, a duba wuya, a tabbatar mahaɗai a buɗe suke. Ki ɗauki hoton kan daga sama da jiƙaƙƙen gashi, ki maimaita kowane mako biyu a wuri ɗaya da haske ɗaya, domin idon da ke ganin yaro kullum ba ya gane sauyi. Ki ba gashin wuya, rub da ciki da goyo mako 4 zuwa 6 da gaske. Wannan zai kai ku kusan wata 6, kuma ƙofar hula ba ta rufe ba. A sake awo. Idan lambar tana ƙasa da kashi 6 cikin 100 ko tana sauka, ki bar hula, yaron na gab da fara zama da birgima, matsin zai ragu da kansa. Idan tana kusa da 9 ko sama kuma ba ta motsa ba, musamman idan goshi da kunci sun karkace, hula ta dace, kuma a fara ba jinkiri. Idan tana tsakani, ku zauna da babansa ku duba aljihu da ko za ku iya riƙe awa 23 na tsawon watanni, duk wanda kuka zaɓa ba ku yi kuskure ba.

Idan kun fara, ana dainawa ne lokacin da awo biyu a jere suka nuna an kai inda ake so, ko soson ya ƙare babu sauran abin kankarewa, ko girman kan ya yi sanyi har ba a ganin sauyi. Kada ki ci gaba da sa masa ita bayan an sallame ku don gudun komawar bajewa. Hular da ba a gyarawa takan matse kan da ke girma ta jawo wata karkatar daban.